Babi na Shida: Shaidar da Dangi Ke Ɗauke da Ita a Jini

Duk wanda ya taɓa zuwa ta'aziyya a Boɗinga ko Shagari ya san abin da ke faruwa idan saurayi ya tashi daga zauren maza ya shiga cikin gida gaishe da iyaye mata. Kafin ya gama durƙusawa wata tsohuwa ta ƙura masa ido. "Yaro, kai ɗan wane ne? Wannan goshin na san gidan da ya fito." Da ya ambaci sunan mahaifinsa shi ke nan, ta kama bakin zaren. Za ta gaya masa daga Sifawa aka auro kakarsa, ƙanwar kakar ta yi aure a Yabo ta haifi maza uku, na tsakiyar shi ne ya tafi fatauci Kurmi bai dawo ba, amma ya bar ɗiya a hannun goggonta. Kafin a kira magariba yaron ya tashi da dangi talatin da bai san yana da su ba.

Ƙasar nan ta daɗe da riƙe nasaba hannu bibbiyu. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Da Abdullahi ya tashi rubuta littafin da ya jera malamansa a ciki, Ida'un Nusukhi, sai da ya bi salsalar gidansu har zuwa Musa Jakollo da ya taso daga Futa Toro, kuma da yawa daga malaman nan baffanninsa ne da kawunnansa. A Shagari ma, maganar marigayi Shugaba Shehu Shagari ba ta cika sai an koma kan Ahmadu Rufa'i, kakan mahaifinsa, wanda ya kafa garin.

Na fara da wannan ne don ilimin nan na tsohuwa, wanda yaranmu ke ɗauka hira ce ta cinye lokaci, shi ne ainihin abin da 'yan sandan Amurka suka rasa shekara arba'in suna neman mutum guda. Da suka same shi, cikin 'yan watanni suka isa ƙofar gidansa.

Tsakanin 1974 da 1986 wani mutum ya addabi jihar Kalifoniya. Ya fasa gidaje sama da 100, ya yi wa mata kusan 50 fyaɗe, ya kashe aƙalla mutum 13. Dare yake shiga, ya ɗaure miji, ya jera masa kwanonin tangaran a baya, ya ce da ya ji motsinsu zai kashe kowa a gidan. Daga 1986 sai aka daina jin ɗuriyarsa. Masu bincike na da abin da ya bari a jikin matan da ya zalunta, daga baya kuma suka fitar da tambarin ƙwayar halittarsa, abin da ake kira DNA. Sai dai tambari ba ya faɗin suna. Kamar sawun ƙafa ne a kan rairayi: sai ka kawo ƙafar ka ɗora sannan ka ce ta wane ce. Sun gwada shi da na miliyoyin masu laifi da ke rumbun hukuma, bai dace da na kowa ba, don mutumin ba ya cikin rumbun.

Kafin a ga yadda aka fita daga wannan rami, sai an fahimci abin da ke cikin jini. Kowace ƙwayar jikin ɗan Adam na ɗauke da ƙunshi 46 na bayanan gado, 23 daga uwa, 23 daga uba. Saboda haka rabin abin da ke jikinka na mahaifinka ne, rabi na mahaifiyarka. Kai da shaƙiƙinka kuna tarayya a wajen rabi. Kai da kakanka, ko baffanka, ko ɗan ubanka da ba ku haɗa ɗaki ba, wajen kashi 25 cikin 100. Taubashinka, wajen kashi 12 da rabi. Idan kakanninku ne suke wa da ƙane, abin ya sauko wajen kashi 3. Aka ƙara hawa ɗaya, bai kai kashi 1 ba. Yana raguwa, amma ba ya ɓacewa da wuri, kuma na'ura na iya ganin sa. Wato kowane mutum yana yawo da guntun shaidar danginsa a jikinsa, har waɗanda bai taɓa jin sunansu ba.

A 1984 ne Alec Jeffreys na Jami'ar Lesta a Ingila ya gano cewa ana iya bambance mutum da mutum ta wannan hanya. Aikin farko da aka yi da ita a shari'ar kisa ya cancanci a tuna da shi, don wanke mutum ta fara yi kafin ta kama wani. An kashe 'yan mata biyu masu shekara 15 a ƙauyukan da ke kusa da Lesta, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. Wani yaro ɗan shekara 17 ya amsa laifin kisa na biyu a hannun 'yan sanda. Gwajin Jeffreys ya nuna mutum ɗaya ne ya kashe duka biyun, kuma ba yaron ba ne. Aka ɗebi jinin maza wajen 5,000 a yankin. Mai laifin, wani ma'aikacin gidan burodi mai suna Colin Pitchfork, ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa, abokin ya yi suɓul da baka a bainar jama'a, wata mata ta ji ta kai rahoto. A farkon 1988 aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Can a Amurka kuwa, wani abu ya taso da ba don 'yan sanda aka yi shi ba. Jama'arsu jikokin baƙi ne da suka tsallako teku, yawancinsu ba su san sunan kakan kakansu ba, ƙishirwar sanin asali kuma na damun su. Sai kamfanoni irin su Ancestry da 23andMe suka fara sayar da ɗan bututu: ka tofa yawu, ka aika, a turo maka jerin mutanen da kuka haɗa jini. Miliyoyin mutane suka yi. Wasu suka riƙa ɗora sakamakonsu a wani dandalin intanet na kyauta mai suna GEDmatch don neman ƙarin dangi. Gwajin 'yan sanda gurabe 20 kacal yake dubawa, wanda ya isa ya tabbatar da mutum ko ya nuna uba da ɗa. Na kamfanonin nan gurabe dubu ɗaruruwa yake dubawa, shi ya sa yake hango dangi na nesa.

Wani mai bincike da ya shafe sama da shekara ashirin a kan wannan shari'a, Paul Holes, ya haɗa kai da Barbara Rae-Venter, tsohuwar lauya da ta yi ritaya ta koma taimakon waɗanda aka yi riƙonsu tun suna jarirai su gano iyayensu. Suka ɗora tambarin mai kisan a dandalin kamar wani mai neman 'yan uwa. Shi bai fito ba, amma danginsa na nesa sun fito, mutanen da suka haɗa kaka da shi tun ƙarni na 19. Daga nan aikin ya bar ɗakin gwaji ya koma irin na tsohuwar Boɗinga: wane ya haifi wane, wance ta auri wane, ina zuri'arsu ta watsu. Abin da ita za ta zayyano daga ka, su sai da suka tono shi daga takardun ƙidaya, rajistar aure, sanarwar mutuwa a tsofaffin jaridu da rubutun kan kaburbura. Suka haura sama har kakannin, suka gangaro ta kowane reshe, suna zubar da mata, da waɗanda shekarunsu ba su dace ba, da waɗanda ba su taɓa zama Kalifoniya ba. Wajen wata huɗu ana wannan tankaɗe da rairaya, har ya rage mutum ɗaya: Joseph DeAngelo, ɗan shekara 72, mai jikoki, wanda yake sanye da kakin ɗan sanda a shekarun da ya fara ɓarnarsa.

Ba a kama shi da salsala kaɗai ba, kuma wannan gaɓa tana da muhimmanci. Salsala nuni ta yi. Sai da jami'ai suka bi shi a ɓoye, suka shafo marfin motarsa inda ya taɓa, suka ɗauko takardar goge hanci daga kwandon shararsa, aka gwada aka ga ta dace da abin da aka samu a jikin matan, sannan aka kama shi ranar 24 ga Afrilu, 2018. A 2020 ya amsa laifi a gaban waɗanda suka rayu daga cikin matan, aka yanke masa zaman kurkuku har mutuwa. Hausawa suka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wannan kwikwiyo shekara 32 ya yi yana bin sawu bayan kisan ƙarshe.

Daga nan ƙofa ta buɗe. An warware ɗaruruwan tsofaffin shari'o'i a Amurka ta wannan hanya. A Suwidin, wanda ya daɓa wa wani yaro ɗan shekara 8, Mohammed Ammouri, da wata malama wuƙa a garin Linköping a 2004, sai a 2020 wani masanin salsala ya kai 'yan sanda gare shi. Wani nazari da Yaniv Erlich da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2018 ya nuna cewa idan kashi 2 cikin 100 na al'umma suka shiga irin wannan rumbu, kusan kowa a cikinta ya samu ɗan uwan da za a bi a kai gare shi.

Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai ta ƙasar Holan ce, don ta yi kama da halinmu. A 1999 aka tsinci gawar wata yarinya 'yar shekara 16, Marianne Vaatstra, a wata makiyaya a arewacin ƙasar. Kusa da wurin akwai sansanin baƙi masu neman mafaka. Nan take mutanen gari suka yanke hukunci a zukatansu: ɗan gida ba zai yi wannan ba, baƙin nan ne. Har tarzoma aka yi a kan haka. Shekara 13 zargin na rataye a wuyan mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba. A 2012 hukuma ta roƙi maza wajen 8,000 da ke zaune kewayen wurin su ba da yawu. Akwai wani ƙunshin gado da namiji kaɗai ke da shi, yana sauka daga uba zuwa ɗa kusan ba canji, daidai yadda muke jan nasaba ta wajen uba. Ko mai laifin ya ƙi zuwa, na baffansa ko na ɗan baffansa zai nuna gidan. Mai laifin ya san haka, ya kawo nasa da ƙafarsa. Manomi ne ɗan asalin yankin, mai mata da 'ya'ya, gidansa bai kai kilomita uku daga inda aka yar da ita ba. Mu nan sau nawa aka tsinci gawa a bakin daji, kafin a rufe ta an riga an ce aikin 'yan rugar can ne, ko na baƙin da suka zo cin rani? Sau nawa aka ƙone bukkoki a kan zato? Ina ganin amfanin farko da wannan ilimi zai yi mana shi ne sauke zargi daga kan wanda ba shi da gata.

To, a ce an wayi gari an tsinci gawar wani ɗan kasuwa a gefen titin da ya tashi daga Boɗinga ya nufi Shagari, a ƙarƙashin farcensa akwai fatar wanda ya yi kokawa da shi. Ta ɓangaren salsala mun fi Amurkawa nisa. Ba ma buƙatar tsofaffin jaridu. Mai unguwa, liman da tsofaffin mata biyu za su jero maka mazan gida har hawa biyar, da wanda ya koma Legas, da wanda ya tsallaka Ƙonni. Har abin da jini ba ya nunawa sun sani: wanda agola ne, wanda riƙo ne, waɗanda suka sha nono ɗaya.

Amma irin zumuncinmu yana rikita lissafin da na kawo a sama. Lissafin nan an gina shi ne a kan mutanen da suka haɗu ta kaka ɗaya tak. A gidan da aka yi auren zumunci hawa uku, ɗan baffa ya auri 'yar baffa, 'ya'yansu suka auri taubasansu, mutum biyu kan haɗu ta hanya huɗu ko biyar. Sai na'ura ta ga dangi na nesa kamar na kusa, rabin gari ya fito a matsayin ɗan uwan mai laifi. Masana sun ci karo da wannan matsala a duk al'ummar da ta daɗe tana aure a cikin kanta. Ga kuma gidan mata huɗu, inda 'yan uba suke da yawa, kuma kashi 25 ɗin nan ba ya bambance maka ɗan uba da baffa sai ka haɗa da shekaru da wasu alamomi. Ana iya warware waɗannan, amma sai da wanda ya san gidan. Rumbunan da ake da su a duniya ma yawanci jinin Turawa ne ya cika su, ɗan Sakkwato ba zai sami kowa nasa a ciki ba.

Sai babbar maganar, wadda ba ta na'ura ba ce. A Italiya, a 2010, an kashe wata yarinya 'yar shekara 13, Yara Gambirasio, a lardin Bergamo. Aka gwada mutum wajen 18,000. Sawun ya kai ga wani direban bas da ya mutu tun 1999, har aka tono gawarsa, gwaji ya ce shi ne uban mai kisan. Amma babu ko ɗaya cikin 'ya'yansa na sunna da ya dace. Ashe yana da ɗa a waje, da matar wani. Aka bi mata ɗaruruwa har aka gano uwar, a 2014 aka kama ɗan, wani magini mai suna Massimo Bossetti, wanda kotu ta ɗaure rai da rai ko da yake har yau yana musu. A rana ɗaya dattijon da ya raine shi shekara arba'in da 'yan kai ya ji a bakin duniya cewa ba shi ya haife shi ba. Mai karatu ya ɗauko wannan ya ajiye a wani gida a Shagari, ya auna abin da zai biyo baya: aure, gado, sarautar gida, mutuncin tsohuwar da ta riga ta yi jikoki.

Shari'ar Musulunci ba baƙuwa ba ce ga gane dangi ta jiki. Larabawa na da masu ƙiyafa, kuma ya inganta cewa ɗayansu, Mujazziz, ya ga ƙafafun Zaidu bin Harisa da ɗansa Usama sun fito daga mayafi ya ce jini ɗaya ne, Annabi (SAW) ya yi farin ciki da hakan. Amma ita shari'ar ta kafa doka cewa ɗan da aka haifa a shimfiɗar aure na mijin ne. Shi ya sa majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2002 ta halatta amfani da wannan gwaji wajen binciken laifi da gane gawa, ta hana a yi amfani da shi wajen rushe nasabar da ta tabbata, ta kuma ce ba a tsayar da haddi ko ƙisasi a kansa. A jiha irin Sakkwato, da ke aiki da kotunan shari'a, wannan shi ne ma'aunin da ya dace: gwajin ya nuna hanya, alƙali ya nemi sauran hujja, kuma duk sirrin da aka ci karo da shi a hanya ya mutu a cikin fayil.

Nunin ma yakan kauce. A 2014 'yan sanda suka tsare wani mai shirya fim a New Orleans, Michael Usry, a kan kisan Angie Dodge da aka yi a Idaho a 1996, don kawai jinin mahaifinsa ya yi kusa da na mai kisan. Ya shafe makonni cikin fargaba kafin gwaji ya wanke shi. A wannan shari'ar dai, wani mai suna Chris Tapp ya yi shekara 20 a kurkuku bisa amsa laifin da aka matsa masa, sai a 2019 salsala ta kai ga mai kisan na gaskiya, maƙwabcin yarinyar, aka wanke Tapp. Hanya ɗaya ce ta tsorata marar laifi, ta kuma wanke wani marar laifin. GEDmatch ma ya sauya ƙa'ida a 2019, sai wanda ya yarda ne 'yan sanda za su ga bayanansa. Kuwaiti ta yi dokar tilasta wa kowa ba da samfur a 2015, kotun tsarin mulkinta ta soke ta a 2017. A wurinmu, inda hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, wanda yawunsa ya kai ɗan baffansa ga igiya zai zauna da wannan a tsakar gida ɗaya da uwar wanda aka kama. Dole doka ta san da shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan ƙwayar halitta cikin masu buƙatar tsaro na musamman, amma wannan somin taɓi ne.

Jerin jinanen da ke jiran amsa a ƙasar nan dogo ne. Dele Giwa, da aka aika wa bam cikin ambulan a Legas ranar 19 ga Oktoba, 1986. Bola Ige, ministan shari'a sukutum, da aka harbe a ɗakinsa a Ibadan ranar 23 ga Disamba, 2001. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, da aka harbe yana limancin asuba a masallacin Ɗorayi a Kano ranar 13 ga Afrilu, 2007. Waɗannan manya ne da duniya ta san sunansu. Na ƙauye, sunansu a bakin uwayensu kawai ya rage. Kayan aikin kuwa kaɗan ne. Da jirgin Dana ya faɗi a Legas a watan Yunin 2012 da mutum 153, sai da aka ɗebi samfurin dangi aka kai Ingila kafin a gane gawarwaki da dama. Legas ta buɗe cibiyar gwajinta a 2017, aka lalata ta a tarzomar Oktoban 2020.

Sai dai ni a ganina ba rashin cibiya ne babban giɓinmu ba. Cibiya ana iya gina ta bana ko baɗi, samfur kuma ana iya aika shi ko'ina. Abin da ba ya dawowa shi ne sa'ar farko. Kafin jami'i ya iso, mutum ɗari sun kewaye gawar, an juya ta, an ɗauki wuƙar an miƙa wa wannan ya duba ya miƙa wa wancan. Muna gaggauta suturta mamaci, kuma gaskiyarmu ne, haƙƙinsa ne. Amma yanke farce, da shafo abin da ke jikin fata da auduga, da cire rigar a ajiye, ba za su jinkirta jana'iza daga azahar zuwa la'asar ba. Abin da aka saba shi ne a wanke rigar, ko a binne ta, ko a cusa ta cikin leda da danshinta, inda zafi da ruma za su cinye shaidar cikin 'yan kwanaki. Jini kuwa idan aka shanya shi a inuwa ya bushe sarai, aka naɗe a takarda, aka rubuta rana da wuri da sunan wanda ya karɓa, yakan yi shekaru da dama bai lalace ba, ko babu wutar lantarki.

Samfurin da ya kai ga DeAngelo daga kisan wasu ma'aurata ne, Lyman da Charlene Smith, a garin Bentura a watan Maris na 1980. Likitan da ya duba gawar, Claus Speth, yana da ɗabi'ar ɗiban samfur biyu, ɗaya ya ba 'yan sanda, ɗaya ya adana. A lokacin saura shekara huɗu Jeffreys ya yi bincikensa, ba wanda ya san me za a yi da shi. Na biyun nan ya zauna a firjin ofishin binciken gawa shekara 37 ba a taɓa shi ba, har ranar da Paul Holes ya zo nema.